Izinin yarjejeniya ko cikakken lasisi: zaɓin da ke gaban mataimakin likita mai son aiki a jihohi da yawa a Amurka

A garin Bristol da ke kudu maso gabashin Amurka, iyakar jiha ta bi ta tsakiyar babban titin kasuwa ne. Shagunan hannun arewa suna Virginia, na hannun kudu suna Tennessee. Mataimakiyar likita mai lasisin Tennessee za ta wuni tana duba marasa lafiya a nata ɓangaren babu mai ce mata uffan, amma in asibitin ya tura ta ta riƙe reshensa da ke tsallaken titi ko da na yini ɗaya ne, sai da yardar Virginia. Haka in sabon marar lafiya ya kira ta ta bidiyo daga ɗakinsa a wancan hannun. Ƙa'idar ita ce aikin lafiya yana faruwa ne a inda marar lafiya yake a lokacin da ake duba shi, ba inda mai dubawar ke zaune ba. Amurka ba ta da lasisin aikin asibiti na ƙasa baki ɗaya, kowace jiha da hukumarta, da kuɗinta, da sharuɗɗanta.

Mataimakan likita, waɗanda ake taƙaita sunansu da PA, sun haura 170,000 a ƙasar, kuma mafi yawansu mata ne. Sana'ar ta samo asali ne daga Jami'ar Duke a 1965, a hannun Dakta Eugene Stead. Suna duba marasa lafiya, su aika a yi gwaji, su rubuta magani, su taimaka a ɗakin tiyata. Duk wanda aikinsa ya ƙetare iyakar jiha a cikinsu, manyan hanyoyi biyu ne a gabansa: ya nemi cikakken lasisi a kowace jiha, ko ya bi ta sabuwar yarjejeniyar lasisi da jihohi suka ƙulla a tsakaninsu. Akwai kuma wasu ƙananan ƙofofi da za mu taɓo a gaba.

Abin da yarjejeniyar take bayarwa

An kammala daftarin yarjejeniyar a 2022, da haɗin gwiwar tarayyar hukumomin lasisin likitoci ta FSMB, ƙungiyar mataimakan likita ta AAPA, hukumar shaidar ƙwarewa ta NCCPA, da majalisar gwamnatocin jihohi ta CSG. Utah ce ta fara mayar da ita doka a 2023, Delaware da Wisconsin suka biyo baya a shekarar. An rubuta cewa sai jihohi bakwai sun sa hannu za ta fara aiki, an kuwa cika wannan adadi a 2024. Zuwa ƙarshen shekarar jihohi 13 ne a ciki: waɗancan uku, sai Washington, West Virginia, Virginia, Nebraska, Oklahoma, Maine, Minnesota, Colorado, Tennessee da Ohio. Wasu sun shiga a 2025. Abin lura shi ne a cikin 13 ɗin babu Kalifoniya, babu Texas, babu New York, babu Florida, wato jihohin da suka fi yawan jama'a da yawan ayyuka.

Abin da ake samu ta wannan hanya ba lasisi ba ne, izini ne. Mutum yana riƙe da lasisi guda marar tabo a wata jiha da ke cikin yarjejeniyar, shi ne lasisin tushe. Sai ya sanar da hukumar da ke gudanar da yarjejeniyar sunan jihar da yake son aiki a cikinta, ya biya kuɗin da aka yanka, ya rubuta jarrabawar sanin dokokin jihar in tana buƙatar haka, a ba shi izini. Kowace jiha da nata izinin. Ba wai an ba ka ɗaya ka shiga duk jihohin ba, kamar yadda lasisin ma'aikatan jinya yake, inda lasisi guda daga jihar da kake zaune yake aiki a sauran jihohin yarjejeniyarsu. Ba kuma irin tsarin likitoci ba ne da aka fara a 2017, wanda yake hanzarta nema amma a ƙarshe cikakken lasisi kowace jiha take bayarwa. Na mataimakan likita ya fi kama da na masu gashin ƙashi.

Wani abin da ke rikita mutane: gwamna ya sa hannu a doka ba ya nufin gobe za a fara bayar da izini. Hukumar yarjejeniyar ta yi zamanta na farko ne a watan Satumba na 2024, kuma kafin a ba ko mutum ɗaya izini sai ta rubuta ƙa'idoji, ta yanka kuɗi, ta gina rumbun bayanai, sannan kowace jiha ta haɗa nata bayanan da shi, ta kuma samu damar binciken zanen yatsu daga FBI. A yarjejeniyoyin wasu sana'o'i wannan aikin ya ci shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma jihohi ba sa shiryawa a rana ɗaya. Don haka tambayar da za a yi wa hukumar lasisi ba "kuna ciki?" ba ce. Tambayar ita ce "kun fara karɓa da bayar da izini?", kuma amsar tana bukatar zama "e" a jihar tushe da jihar da za a je, duka biyun. Wanda aka ba ranar fara aiki kada ya jingina ta a kan hasashen ranar buɗe tsarin.

Ƙofar shiga ƙunƙuntacciya ce

A nan ne mutane da yawa za su gane cewa zaɓin ma ba a hannunsu yake ba. Daftarin ya ce mai nema sai ya kasance ya kammala makarantar da ARC-PA, hukumar da ke tantance makarantun mataimakan likita, ta amince da ita, ko wadda hukumar yarjejeniyar ta yarda da ita a ƙa'idojinta. Sai yana da shaidar NCCPA mai rai. Sai ba a taɓa yanke masa hukunci a kotu ba, a kan babban laifi ko ƙarami. Sai ba a taɓa dakatarwa ko soke masa rajistar rubuta magunguna masu takunkumi ba, daga jiha ko daga DEA, hukumar tarayya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Sai ba a taɓa soke masa lasisi ba, kuma babu takunkumi a kan wani lasisi da yake riƙe da shi. In an taɓa sa masa takunkumi aka ɗage, sai shekara biyu ta cika daga ranar ɗagewar.

Sharuɗɗa biyu ne suka fi kama mutanen kirki. Na farko shi ne ƙaramin laifi. Wanda aka yanke wa hukuncin tuƙin ganganci yana ɗalibi, shekara goma sha biyar da suka wuce, in a jiharsa an lissafa abin a matsayin laifi ba tarar hanya kawai ba, ƙofar yarjejeniya ta rufe masa. Hukumar lasisi ta jiha kuwa tana duba mutum da mutum: ta karanta takardun kotu, ta nemi bayani a rubuce, wataƙila ta kira shi ya bayyana, sau da yawa kuma ta ba shi lasisin. Yarjejeniya ba ta da wannan sassaucin, domin saurinta ya dogara ne ga cewa babu wanda zai zauna ya yi alƙalanci a kan kowane fayil.

Na biyu shi ne shaidar NCCPA. Kowa sai ya ci jarrabawar NCCPA da ake kira PANCE, mai tambayoyi 300, kafin lasisin farko. Riƙe shaidar bayan nan yana bukatar maki 100 na ƙarin ilimi duk shekara biyu, aƙalla 50 daga rukuni na ɗaya, wato darussan da aka tantance a hukumance, da sake jarrabawa a kowane zagaye na shekara goma. Amma ba kowace jiha ce take tilasta shaidar ta kasance da rai kafin ta sabunta lasisi ba. Shi ya sa akwai tsofaffin hannu da suka daɗe a fanni guda, suka bar shaidar ta mutu, lasisinsu kuma lafiya lau. Irin waɗannan sai sun farfaɗo da shaidar kafin su yi maganar izini.

Sharaɗin makaranta kuma ya shafi na wajenmu kai tsaye. Mataimakin likita da ya yi karatu a Ghana, ko jami'in lafiya na al'umma daga Najeriya, ko ma cikakken likita da ya kammala a Kano ko Yamai, ba ya zama PA a Amurka da takardunsa na gida. Sai ya shiga makarantar da ARC-PA ta amince da ita, ya ci PANCE, ya samu lasisin jiha ɗaya. Yarjejeniyar ba ta rage masa ko taki guda daga wannan tafiyar ba, a bayanta take farawa.

Wahalar cikakken lasisi, da abin da ake saye da ita

Neman lasisi a jiha ta biyu aiki ne na takardu. Makaranta za ta aika da shaidar kammalawa kai tsaye ga hukumar, NCCPA ta aika da sakamakon jarrabawa, kowace jihar da mutum ya taɓa riƙe lasisinta, ko da ya daɗe da mutuwa, ta aika da tabbaci. Ga zanen yatsu, ga rahoton rumbun bayanan ladabtarwa na tarayya a jihohin da ke nema, ga tarihin aiki wanda ba a son giɓi a cikinsa ba tare da bayani ba. Kuɗin ya bambanta sosai daga jiha zuwa jiha, amma in aka haɗa na nema da na yatsu da na tabbace-tabbace galibi ɗaruruwan daloli ne. Lokacin kuma daga makonni zuwa watanni.

Abubuwan da ke tsayar da fayil ƙanana ne. Suna a takardar makaranta ya saɓa da na lasisi saboda aure, ba a kuma haɗa da takardar sauya suna ba. Zanen yatsu ya dawo ba a karanta ba, abin da ya zama ruwan dare ga masu wanke hannu sau da yawa a rana, don fatar yatsun tana sulɓewa. Wanda ya samu wurin ɗauka da na'ura ya fi wanda ya dangwala tawada a kati. Wata takarda ta iso da wuri, ta tsufa kafin sauran su iso, a ce a sake aikowa. Mafi muni shi ne amsa "a'a" ga tambayar ko an taɓa kama ka, bisa tunanin cewa tsohon zance ya shafe. In binciken FBI ya fito da shi, hukumar ta daina kallon tsohon laifin, ta koma kallon ɓoyewar. Ma'ajiyar takardu ta FCVS, wadda FSMB ke gudanarwa, tana rage wannan wahala ga mai neman jihohi da yawa, don sau ɗaya ake tantance ainihin takardun, amma buɗe fayil ɗin farko shi ma yana cin makonni da kuɗi.

Bayan an samu, sai riƙo. Lasisi huɗu na nufin ranakun sabuntawa huɗu, kuɗi huɗu, da darussan dole da kowace jiha ta ƙara da kanta, wannan ta ce a kan rubuta magungunan ciwo, waccan ta ce a kan gane cin zarafin yara. Izinin yarjejeniya kuwa yana bin ranar lasisin tushe ne, ranar da tushen ya ƙare shi ma ya ƙare.

To me ake saye da wannan wahalar? Tsayuwa da ƙafa. Izini reshe ne, in aka sare gindin bishiya duk rassan ƙasa za su yi. Daftarin ya faɗa ƙarara cewa in jihar tushe ta ɗauki matakin ladabtarwa a kan lasisin, za a kashe izinin mutum a duk sauran jihohin, kuma ba zai dawo ba sai shekara biyu bayan an ɗage duk takunkumin. Ko ba ladabtarwa, mantuwa kawai ta isa: aka bar lasisin tushe ya wuce ranar sabuntawa, mutum ya wayi gari ba shi da hurumin taɓa marar lafiya a ko'ina. Mai cikakken lasisi a jihohi uku ba ya tsira daga bincike, domin hukumomi suna sanar da juna kuma sau da yawa ɗaya takan bi sawun ɗaya. Amma kowace sai ta buɗe nata fayil, ta saurare shi, ta yanke nata hukunci, kuma tana iya tsayawa a gargaɗi. Wannan tazarar ita ce bambancin mai ci gaba da karɓar albashi da wanda ya zauna a gida. Ita jihar da aka je aiki tana da ikon janye izinin da ke cikin iyakarta, amma lasisin tushe jihar da ta bayar da shi ce kaɗai take iya taɓa shi.

Abin da babu hanyar da take sauƙaƙawa

Kowace hanya aka bi, dokar jihar da marar lafiya yake ita ce ke mulki, kuma a nan jihohi sun yi hannun riga. A Utah, tun dokar 2021, wanda ya haura awa 10,000 na aiki ba ya bukatar rubutacciyar yarjejeniya da likita. A Minnesota sabon shiga sai ya yi awa 2,080 a ƙarƙashin tsarin haɗin gwiwa. Wasu jihohin har yanzu suna son likita mai sa ido da sunansa a rubuce, wasu ma suna ƙayyade yawan mataimakan da likita ɗaya zai riƙe. Mai ƙwarewa daga Utah ba ya ɗaukar 'yancinsa ya shiga da shi wata jiha. In can ana bukatar likita mai sa ido, sai ya samo, kuma galibi sai likitan yana da lasisin wannan jihar. Ga kamfanonin duba marasa lafiya ta bidiyo, samo wannan likitan ya kan fi samun takardar izini wuya da tsada.

Magunguna masu takunkumi su ma nasu layin daban. Rajistar DEA ta jiha-jiha ce: duk jihar da za a rubuta irin waɗannan magunguna a cikinta sai da rajistarta, dala 888 na shekara uku. Jihohi uku, dala 2,664 kenan kafin a yi maganar komai. Wasu jihohin suna da tasu rajistar ta daban da ake fara samu kafin ta DEA, ga kuma shiga tsarin bibiyar takardun magani na jihar. Tun Yunin 2023 akwai horon awa 8 a kan matsalar shaye-shaye da ake nema sau ɗaya wajen sabuwar rajista ko sabuntawa. Daftarin yarjejeniyar ya bar duk wannan a hannun kowace jiha. Mai aikin da ba ya rabuwa da irin waɗannan magunguna, kamar masu kula da ciwo mai tsanani ko lafiyar ƙwaƙwalwa, zai ga cewa izini ya rage masa kashi ɗaya ne kawai na ɗawainiyar.

Sauran kuwa: inshorar kuskuren aiki sai an tabbatar a rubuce ta ambaci sabuwar jihar, rajistar Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ta kowace jiha daban ce, kuma asibiti zai yi nasa tantancewar wadda takan ci watanni ko da an zo da izini a hannu.

Ƙananan ƙofofi

Wanda bidiyo kawai zai yi, ya duba ko jihar tana da rajistar masu duba marasa lafiya daga waje. Florida ta buɗe irin wannan a 2019: mai lasisin wata jiha yana yin rajista ya duba mazauna Florida daga nesa, da sharaɗin ba zai buɗe ofis a jihar ko ya duba kowa ido da ido ba. Arizona ta yi nata a 2021. Wasu jihohi kuma suna da keɓantaccen sassauci don bibiyar marar lafiyar da aka riga aka gani ido da ido, amma iyakarsa kaɗan ce, ba a gina sana'a a kansa. Mai aiki da gwamnatin tarayya, a asibitocin tsofaffin sojoji ko na soja ko hukumar lafiyar 'yan asalin ƙasar, lasisin jiha ɗaya ya wadatar da shi a cikin wannan aikin. Sojoji da matansu ko mazajensu kuma suna da dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta sa jihar da aka mayar da su ta amince da lasisin da suka zo da shi, bisa wasu sharuɗɗa.

Wa ya kamata ya bi wacce

Mai aikin cike gurbi, wanda ke yin mako shida nan wata uku can, shi ne yarjejeniyar ta fi yi wa rana, in dai tarihinsa fes yake kuma jihohin da yake zagayawa suna ciki. Haka mai duba marasa lafiya ta bidiyo a jihohi biyar ko shida, inda babu ɗaya da ke ɗauke da rabin kuɗin shigarsa. Mazauna bakin iyaka kuwa sai sun duba taswira. Duluth a Minnesota da Superior a Wisconsin gada ce tsakaninsu, kuma jihohin biyu suna ciki. Vancouver a jihar Washington da Portland a Oregon su ma kogi ne kawai ya raba su, amma Oregon ba ta cikin jihohi 13 na ƙarshen 2024, don haka mai aiki a ɓangarorin biyu lasisi biyu ne a gabansa muddin haka abin yake.

Wanda zai tattara iyali ya koma wata jiha dindindin, a ganinmu cikakken lasisi ya kamata ya nema, ko da izini zai fi sauri. Izinin zai iya riƙe shi a watannin farko in tsarin ya buɗe, amma bai dace abincin gidan mutum ya rataya ga lasisin jihar da ya bari, wadda wasiƙunta za su riƙa zuwa tsohon adireshi ba. Daftarin ma ya wajabta a sanar da hukumar yarjejeniyar duk wani sauyin mazauni nan take, kuma mai nema yana amincewa ne a aika masa da sammaci ta gidan waya a adireshin da ya bayar. Sammacin da ya tafi gidan da aka tashi ba ya hana shari'a ci gaba.

Ga mafi yawan masu aiki a jihohi da yawa, haɗa hanyoyin biyu ne ya fi hankali: cikakken lasisi a duk jihar da kaso mai tsoka na aikin yake, izini a jihohin da ake leƙawa jefi-jefi. Mai lasisi fiye da ɗaya a jihohin yarjejeniya sai ya yi tunani kafin ya ayyana tushe, a cikin iyakar abin da ƙa'idojin hukumar suka yarda. Ya duba wacce ce ba zai taɓa bari ta mutu ba, wacce ke sabuntawa duk shekara biyu maimakon duk shekara, wacce ke amsa waya. Kada kuma ya yi gaggawar sakin tsofaffin lasisinsa don murnar izini, domin farfaɗo da lasisin da ya mutu sau da yawa ya fi neman sabo wahala. In kuma wata jiha da ba ta cikin yarjejeniyar ta ɗauki mataki a kansa, kwana 30 yake da su ya sanar da hukumar yarjejeniyar.

Kafin sa hannu a kwantiragin aiki, a nemi a rubuta wanda zai biya kuɗin izini ko lasisi, da na DEA a kowace jiha, da wanda zai samo likita mai sa ido inda ake bukata, da abin da zai faru da albashi in takardun jiha ɗaya suka makara alhali sauran sun fito.